Ɓarawon Samfur

Da hantsin Talata aka tarar da ƙofar bayan siton kamfanin fitilu na Kurudu a wangale, kwaɗonta a karye cikin taɓo. Kafin ma a san abin da ya ɓata, an riga an kama ɓarawo. Haka garin nan yake: hukunci ya hau okada, bincike ya biyo shi a ƙasa yana haki.

Kwali ɗaya ne ya yi ƙafa. A cikinsa akwai fitilu masu caji da hasken rana, waɗanda aka ware a matsayin samfur. Kamfanin ya samu ciniki a Ghana da Chadi, amma masu saye sun ce ba za su karɓi ko fitila ɗaya ba sai wani ɗakin gwaji ya duba, ya tabbatar batirinta ba ya zafi, ba ya fashewa, sannan ya buga hatimi. A wannan ranar da la'asar wakiliyar ɗakin gwajin za ta zo ɗaukar samfur. In babu hatimi, kwantenar da aka cika ba za ta ƙetare iyaka ba.

Wanda aka kama Rilwanu ne, baban bola, irin samarin nan da suka baro ƙauyukan arewa suna tura amalanke lungu-lungu suna tsintar ƙarfe da roba. An zazzage buhunsa aka ga kwanson fitilun kamfanin, sun narke sun yi baƙi. Ga kuma shaida: wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai gonar doya a bayan katanga, Mama Lucia, ta ce da sassafe ta ga mutum “ya wuce da kaya a kafaɗa.” Wa ke yawo da kaya a kafaɗa in ba baban bola ba? Mutanen unguwa ba su nemi ƙari ba.

Sai da aka gama duka aka tuna da Manniru.

Manniru mai bin sawu ne. A ƙauyensu can Zamfara ya koyi sana'ar wajen mahaifinsa, suna bin sawun shanun sata, har ranar da aka wayi gari babu sauran saniyar da za a sace. Ya tattaro ya dawo Abuja, ya shiga 'yan sintirin Kurudu. Ba ya yawan magana, kuma in ya yi ba ta da daɗi.

Ya tarar da Rilwanu ɗaure a gindin mangwaro gaban ofishin sintiri, ba riga, ba takalmi, hannunsa na dama ya kumbura kamar tulu. Samari sun yi da'ira suna jira. Gefe guda ga tsohuwar taya a jingine, ba wanda ya ce tasa ce.

“Kwamanda,” in ji Manniru, “wa ya ba ku izinin dukansa?”

Philip, shugaban 'yan sintiri, ya share gumi da hularsa. “Malam, ba mu ba ne. Mu muka ƙwace shi. Ba don mu ba, da yanzu toka kake yi wa tambaya. Oga Amir mai kamfani ya ce in la'asar ta yi kwali bai fito ba, a miƙa shi ga 'yan sanda. Su kuwa waɗannan sun ce 'yan sanda su ɗauki nasu, su kuma su cinna wa rumfunan bola wuta, kowa ya huta.”

Manniru ya tsuguna gaban Rilwanu.

“Kawu, wallahi a juji na tsince su,” Rilwanu ya ce, leɓensa na zubar da jini. “Jujinsu na bayan kamfani. Ai sun daɗe suna zubar da ƙonannu. Na rantse da—”

“Ajiye rantsuwar. Ɓarayi sun riga sun cinye ta, ba ta da sauran albarka. Hannun fa?”

“Da katako. Wani mai jar riga.”

Manniru ya ɗago ya dubi samarin. Masu jajayen riguna uku ne a ciki, duk suka kau da kai. Ya ɗauki kwanso ɗaya ya juya shi a hannu. Ba wutar juji ce ta ci shi ba. Robar ta bulluƙo waje ta tsage, kamar wutar daga cikinta ta fito. Ya mayar da shi buhu, ya miƙe.

“Kada wanda ya sake taɓa shi kafin na dawo. Wanda ya taɓa, sawunsa zan bi har ɗakin uwarsa.”

* * *

An yi ruwa da asuba, ƙasar bayan sito ta yi laushi kamar tuwon da bai huce ba. 'Yan kallo sun tattake bakin ƙofa, amma ba su matsa jikin katanga ba, nan kuwa ƙasa ta riƙe maganarta.

Abu na farko da ya ɓata wa Manniru rai shi ne kwaɗon. Ƙaton kwaɗo ne na tagulla, an fasa shi an bar shi a nan. Ya leƙa cikin sito, ga naɗin wayar jan ƙarfe jingine da bango, ba a taɓa ba. Baban bola zai iya mance sallah, zai iya mance sunansa, amma ba zai tsallake jan ƙarfe ya ɗauki kwali ba.

Sawun kuma na silifas ne, ƙaramar ƙafa. A ƙarƙashin ta hagu akwai ƙusa da aka tokare maɗauri da ita, tana barin ɗan zane a kowane taku. Da shigowa sawun bai nutse ba. Da fita, yatsu sun lume cikin taɓo, dunduniya da ƙyar take taɓa ƙasa. Mai kayan ya sunkuya gaba, nauyin na kan wuyansa.

Abin da ya dame shi, Rilwanu ma ɗan firit ne, ƙafarsa ƙarama. Takalmansa kuwa sun ɓace a wajen duka, babu abin da za a gwada.

Mai kamfanin, Amir, saurayi ne da bai wuce talatin da 'yan kai ba, ya yi karatu a waje ya dawo da gemu mai ƙamshin turare. Yana zagaye ofis da waya a kunne. Injiniyansa Ebenezer na tsaye jikin bango, yana zufa duk da sanyin na'ura.

“Malam, ba tatsuniyar kwaɗo na kira ka ka ba ni ba,” in ji Amir. “Ɓarawo na hannu. Ka matse shi ya faɗi inda ya kai min kwali.”

“Ranka ya daɗe, ni mutumin daji ne, ka yi haƙuri da tambayata. Na ga fitilu cike da sito har rufi, ga kwantena a waje. In an sace kwali ɗaya, me ya hana a ɗauko wani a ba matar?”

Amir ya sauke wayar. Ebenezer ya dubi tayil ɗin ƙasa kamar yau ya fara ganinsa.

“Wannan ba fanninka ba ne.”

“Gaskiya ne. Fannina ƙasa.”

A bakin ƙofa wata mai shara ta raɗa masa cewa makon jiya an ji oga da injiniya suna ihu, har injiniya ya ce zai ajiye aiki. Ga shi kuma takalman injiniyan duk taɓo. Manniru ya tsaya har Ebenezer ya fito, ya tare shi a inuwar janareta.

“Injiniya, da asuba kana ina?”

“Ina Karshi, a gidana. Tambayi matata, tambayi fasto, tambayi mai shayin bakin titi.” Ya dafa ƙirji. “Ni zan fasa kwaɗo? Ina da mabuɗi a aljihu!”

“Me kuka yi wa faɗa da oga?”

“Malam, ka rufa min asiri. Abin da aka ce na yi, shi nake yi. 'Ya'yana na makaranta.”

Manniru ya dubi ƙafafunsa. Kowace kamar kwalekwale, silifas ɗin nan ko babban yatsa ba zai ɗauka ba. Mutumin yana ɓoye abu, amma ba kwali ba ne. Matsoraci ne kawai, irin waɗanda ake gina kowace ɓarna a kan shirunsu.

* * *

Sawun ya bi gefen gonar doya ya gangara rafi, ya hau wani falalen dutse da ruwa ya wanke, ya mutu a nan. A ƙetare hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta nufi juji, inda baban bola suka kafa rumfunan leda da kwano. Ta dama ta haura tsohuwar unguwar Gbagyi, hanyar mata ce masu ɗebo ruwa da itace, ta sha taku har ta yi santsi.

Namiji ake nema, don haka Manniru ya bi hagu. Ya duba bakin rafi, ya duba cikin ciyawa, ya shiga har tsakiyar rumfuna. Samarin bola na ta ɗaure tsummokaransu suna kallonsa da jajayen idanu, sun ji labarin wutar da ke tafe. Babu silifas mai ƙusa ko ɗaya. Aka kira azahar, ya yi alwala a rafin ya yi sallah a kan dutse, zuciyarsa na tafasa. Ya fara tambayar kansa ko tausayin ɗan arewa ne ya rufe masa ido.

Da ya rasa abin kamawa, ya koma wajen shaidar.

Ya tarar da Mama Lucia a bakin gonarta tana ɗaure itace da ɓawon rama. Tsohuwa ce busasshiya mai ƙarfi, Hausarta irin ta kasuwar Karshi.

“Sannu da aiki, Mama.”

“Kai ma ɗan kamfani ne? Sun cinye rabin gonata da katanga, yanzu lokacina za ku ci?”

“Tambaya ɗaya ce. Wanda kika gani da safe.”

“Na faɗa wa Philip. Ya fito ta baya, kaya a kafaɗa, ya bi rafi. Fuska ban gani ba, gari bai waye sosai ba. Ka bar ni, sauri nake. Yarinyata ya haihu jiya, ba wanda zai dama masa kunu.”

Manniru ya riga ya juya. Ya tsaya cak.

“Wa ya haihu?”

“Yarinyata mana, Mariya. Ya haifi mace, ƙato kamar ubansa.”

Ya dawo a hankali.

“Mama, shi wanda ya wucen nan, wando ne a jikinsa?”

“Wane irin wando? Zani.”

“Mace ce?”

Ta dube shi kamar ta ga jaki da hula. “To a garinku namiji yana ɗaura zani?”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Wa ya tambaye ni? Na ce ya wuce, suka kwasa da gudu kamar an watsa wa kaji tsaba. Daga baya aka ce an kama ɓarawo, na ce to, Allah ya kyauta.”

Ta sunkuya ta ciccibi itacen. Ba a kai ta ɗora shi ba. Ta aza shi a kafaɗa, bayan wuya, yadda matan Gbagyi ke yi tun kaka da kakanni, don a wurinsu kai ya fi ƙarfin a mai da shi jaki. Ta karkata gaba ta kama hanya. Manniru ya dubi inda ta taka: yatsu sun lume, dunduniya da ƙyar ta taɓa ƙasa.

Shekara da shekaru Hausawan garin nan suna kwaikwayon maganar mutanen nan a teburin mai shayi, ana ƙyaƙyata dariya, ana cewa gwaranci. Kowa ya san a bakinsu mace da namiji duk “ya” ne. Philip da ya tashi a cikinsu ya sani. Shi kansa Manniru ya sani. Amma da aka zo neman wanda za a daka, ba wanda ya tuna, domin kalmar ta yi daidai da wanda ake so a daka.

Ya koma rafi ya bi dama. Bai yi nisa ba ya ga zanen ƙusar a tsakiyar sawun mata, a fili, inda tun ɗazu yake jiransa.

* * *

Sawun ya ƙare a ƙofar wani gida na jar ƙasa mai rumbuna biyu. Silifas na ajiye a bakin ɗaki. Ya sa sanda ya kifar da ta hagu. Ga ƙusa.

“Salamu alaikum, masu gida.”

Matar da ta fito ya gane ta. Hannah ce, ɗaya daga cikin matan da ke haɗa fitilu a kamfanin. Da safe ya gan ta a bayan taro, hannu a ƙirji. Ta dubi takalmin da ke kife, ta dube shi, ba ta ko yi ƙoƙarin ƙarya ba.

“Yana cikin rumbu, Baba. Ƙarƙashin dawa.”

“Nawa aka ba ki?”

“Ba wanda ya ba ni komai.” Ta buɗe tafin hannunta na dama ta miƙo masa. Fatar ta tattare ta yi fari, kamar ledar da aka kai kusa da murhu. “Ka ga wannan? Fitilarmu ce. Oga ya raba mana ɗaiɗai daga kayan kwantena, wai kyauta. Na sa caji na bar ta kan tabarma kusa da jaririna. Ina wanki na ji tas. Da hannu na ɗauke ta na jefa waje.”

Manniru ya ƙura wa tabon ido. Ta ci gaba.

“Kowace fitila akwai ɗan ƙaramin abu da ake sa mata, bai fi farce ba, shi ke yanke wuta in batir ya cika. Na cikin kwalin nan duk suna da shi, batiransu kuma sababbi ne. An yi su ne don idon masu gwaji. Na kwantena babu. Batiransu na matattun kwamfutoci ne, a buhu ake kawo su. Ni nake sa musu sabuwar riga, Baba. Da hannun nan.”

“Kin faɗa wa wani?”

“Na faɗa wa injiniya, ya ce zai yi magana. Ya yi, aka yi masa tsawa, ya yi shiru. Na je wajen oga da kaina na nuna masa hannuna. Ka san me ya ce? Ya ce, Hannah, kwantar da hankalinki, ai waje za su, ba a nan za su ƙone ba.” Ta janye hannunta. “Sababbin batira sun ƙare, ba zai iya haɗa wani samfur yau ba. In matar ta zo babu kwali, dole ta ɗiba daga kwantena. Shi ke nan abin da nake so. Ka bari la'asar ta wuce, don girman Allah. Bayan nan ka kai ni duk inda ka ga dama.”

Manniru ya jingina da rumbu. Ya taɓa bin ɓarayin da suka yi sata don yunwa, da waɗanda suka yi don mugunta, duk ya san yadda ake kallonsu. Wannan bai san inda zai ajiye ta ba. Kuma hakan ya ƙara masa fushi.

“Da safe kina wurin?”

“Ina wurin.”

“Kina kallo aka ɗora hannun yaron nan a kan dutse aka sauke masa katako?”

Ta sunkuyar da kai.

“Me kika ce?”

“Na ɗauka za su mare shi su sake shi. Ai kullum ana kama su ana saki. Sun saba.”

“Sun saba!” Tsawar ta sa kaji suka watse daga gindin rumbu. “Uwarsa ta haife shi ne don ya saba? Ke da oganki wa ya koya wa wani? Shi ya ce na nesa ba mutane ba ne, ke kin ce na kusa ya saba. In la'asar ta wuce, yaron yana bayan kanta wajen 'yan sanda, rumfunansu na ci da wuta, akwai masu barci a ciki. Wannan ma waje za su ƙone?”

Ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba.

“In ka mayar masa da kwalin, ya ci nasara,” ta ce. “Za a buga hatimi.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Ya dubi rana, ta fara karkata.

“Fito da shi. Yadda kika kawo shi, haka za ki mayar.”

* * *

Harabar kamfani ta cika. Philip ya kawo Rilwanu da igiya a ƙugu ya zaunar da shi kusa da motar 'yan sanda. Samari sun hau katanga, wani riƙe da jarkar fetur. Amir na tsaye gaban kwantena yana yi wa wata mata mai gilashi bayani da hannu biyu. Madam Fortune ke nan, wakiliyar ɗakin gwaji, isowarta ke nan daga cikin gari. Ebenezer na bayansu kamar inuwa.

Hayaniya ta mutu daga bakin get zuwa ciki. Hannah ce ta shigo, kwali a bayan wuyanta, ta karkata gaba, silifas na ƙara a kan tsakuwa. Manniru na biye da ita. Ta sauke kwalin a tsakiyar fili ta tsaya.

“Ga wanda ya wuce da kaya a kafaɗa,” in ji Manniru. “Kwamanda, kai da ka sha ruwan garin nan, tsohuwa ta ce maka ‘ya’, ba ka tambaye ta mace ko namiji ba? Ga ɓarauniyarku. Ita ta fasa kwaɗo, a rumbunta na same shi. Wancan da kuka karya, laifinsa tsintar abin da kuka zubar.”

Mai jarka ya sauke ta a bayan katanga a hankali.

Amir bai ko dubi Rilwanu ba. Fuskarsa ta washe. “Alhamdu lillahi! Madam, kin gani ko? An samu. Ofisa, ku tafi da wannan munafukar. Ebenezer, sa kwalin a motar Madam.”

Manniru ya ɗora ƙafa a kan kwalin.

“Ranka ya daɗe, tambayata ta ɗazu ba ka amsa ba, ga shi yanzu muna da shaidu. Kwali ɗaya ya ɓata ka tayar da unguwa, har an karya mutum. Fitilun cikinsa sun fi na kwantena ne?”

“Ɗauke ƙafarka daga kayana.”

“Sun fi su?”

“Duk ɗaya ne! Layi ɗaya, hannu ɗaya!”

“Madalla. Jama'a kun ji, duk ɗaya ne.” Ya juya ga baƙuwar. “Hajiya, wannan ya wuni cikin dawa, ɓera ya taka, ƙwaro ya shiga. Tun da duk ɗaya ne, ki bar shi, ki ɗibi waɗanda ranki ya so a can.”

Madam Fortune ta cire gilashi. Ta dubi Amir, ta dubi hannun Hannah da ke buɗe da tabon ƙuna, ta dubi Ebenezer.

“Dama ƙa'ida ni ke zaɓa,” ta ce. “An ce min an riga an ware ne don a rage mini wahala. Injiniya, akwai abin da ya kamata na sani kafin a buɗe?”

Ebenezer ya dubi ogansa. Sai ya zauna daɓas a kan tsakuwa ya dafe kai.

“A buɗe kwantena,” in ji ta.

“Madam, mu shiga ofis mu yi magana tukuna.”

“A nan ma ina ji.”

Aka buɗe. Ta shiga da kanta, ta wuce layin gaba, ta sa aka jawo mata daga tsakiya da can ƙurya, ta naɗe kowane da tef ɗinta. Amir ya zagi Ebenezer, ya zagi Manniru da iyayen da suka haife shi a daji, ya danna waya yana kiran wani da sunan “Yallaɓai.” Kafin ya shiga motarsa ya nuna Hannah da mabuɗi.

“Wannan dai sata ta yi, a gaban kowa aka faɗa. Ku tafi da ita.”

Ɗan sandan ya dubi Manniru, kamar yana jira ya ce wani abu. Me zai ce? Da bakinsa ya kira ta ɓarauniya, kuma bai yi ƙarya ba. Mai gadi ya buɗe wa Amir get har yana sara masa. Motar ta fita, na'urar sanyinta na aiki.

Manniru ya zaro wuƙa ya yanke igiyar ƙugun Rilwanu. Da ya ɗago, katanga ta zama wayam. Masu jajayen riguna sun tafi, mai jarka ya tafi, ba wanda ya tsaya ya ce sannu. Wani ɗan sintiri ya turo amalanken Rilwanu daga inda aka jefar da shi, ya ajiye, ya yi gaba da sauri.

Rilwanu ya miƙe da ƙyar, ya tako har bayan motar 'yan sanda inda Hannah ke zaune. Ya ji duk abin da aka faɗa. Babu ihu a muryarsa.

“Anti, su mutanen Ghanan nan, kin san su?”

Ta girgiza kai.

“Ko mutum ɗaya?”

“Ban san kowa ba.”

“Ni fa? Ba ni nake ɗauke miki shara ba? Ranar nan ma ba ke kika ba ni ruwa a bakin get ba?”

Ɗan sanda ya rufe ƙofa, mota ta tashi.

Rilwanu ya juyo ga Manniru, kamar shi ne zai ba shi amsar. Manniru ya dubi ƙasa, wurin da ya saba samun amsa, bai ga komai ba sai sawun taya.

“Mu je a duba hannun,” ya ce.

“Bari na kai amalanke tukuna, Kawu. Na haya ne.”

Ya kai hannun dama kan mariƙin. Yatsun suka ƙi rufewa.